Tambaya: ta yaya baƙar ƙasar fadama ke taruwa har mita 4 a wuri mai zafi, kuma me ya sa take ɓacewa in an noma ta?

Ɗalibin_Ƙasa:

Assalamu alaikum malamanmu da 'yan uwa na wannan zaure. Dan Allah ƙarin haske nake nema a kan wani abu da ya ɗaure min kai a karatun kimiyyar ƙasar noma. An koya mana cewa a wuri mai zafi ganye da ciyawa ba sa daɗewa a ƙasa, da zarar sun faɗi ƙananan halittu sun far musu sun cinye, shi ya sa ma ƙasar wurare masu zafi yawanci ba ta da ruɓaɓɓen tsiro da yawa, in ka samu kashi 2 ko 3 cikin ɗari ai ka gode Allah. To sai kuma ga shi da aka zo kan ajin ƙasar da ake kira histosol aka kawo mana misalin fadamar Everglades ta kudancin Filorida a Amurka, wai a can akwai baƙar ƙasa wadda kusan gaba ɗayanta ruɓaɓɓen tsiro ce kuma zurfinta ya kai mita 3 zuwa 4 a wasu wuraren, alhali wurin ɗumi ne da shi kusan duk shekara. Irin wannan ƙasa a Rasha ko Kanada ko Finlan na gane, can sanyi ne ya hana abu ruɓewa. Amma a Filorida me ya hana?

Na biyu, ina ganin wani lokaci a ce wa irin wannan ƙasa fit (peat) wani lokaci a ce mok (muck), abu ɗaya ne ko akwai bambanci, kuma in mutum na tsaye a fili ba ɗakin gwaji ya zai gane? Na uku kuma wanda ya fi ba ni mamaki, in dai ƙasa kusan duk taki ce ai kenan babu wadda ta kai ta albarka a duniya, to me ya sa ake maganarta kamar wata matsala? Na gode, Allah ya ƙara basira.

MalamHabu:

Wa alaikumus salam ƙanena. Amsar tambayarka ta farko ruwa ne, ba sanyi ba. Abin da aka koya maka gaskiya ne amma da sharaɗi, domin su bakteriya da fangas ɗin da ke cinye ganye da sauri iskar oksijin suke buƙata, ita kuwa oksijin tafiyarta a cikin ruwa ta yi ƙasa da tafiyarta a cikin iska da kusan ninki 10,000. To da zarar ruwa ya kwanta a kan ƙasa ɗan abin da ke ciki sai a shanye shi cikin ƙanƙanin lokaci, sabo kuma ba ya isowa da wuri, sai fage ya koma hannun wasu ƙwayoyin da ke iya rayuwa ba iska, su kuma aikinsu na jan ƙafa ne, ɓangaren tsiro mai tauri irin su lignin kusan ba sa iya taɓa shi. Su ne ke fitar da iskar metan, kumfar nan da ke tasowa in an taka laka a fadama.

Shi kuma zafi kar ka kalle shi ta fuska ɗaya. Eh yana hanzarta ruɓewa, amma ai yana sa tsiro girma babu hutu, ba kamar ƙasashen sanyi ba inda komai ke tsayawa rabin shekara. Lissafin kawai shi ne abin da ke shiga da abin da ke fita, in abin da tsiro ke zubarwa kowace shekara ya ɗara abin da ake cinyewa ko da da kaɗan ne, to saura zai taru, a ba shi shekaru dubbai ka ga aiki.

A Everglades abubuwa ne suka haɗu. Akwai tafkin Okeechobee a arewa, babba ne, kusan murabba'in kilomita 1,900 amma ba shi da zurfi, matsakaicinsa bai kai mita 3 ba, a da in damina ta yi ƙarfi sai ya tumbatsa ta bakinsa na kudu ruwa ya bazu a fili mai faɗin gaske ya riƙa gangarawa a hankali zuwa teku, gangaren kuwa 'yan santimita ne kacal a kowace kilomita, ka ga ruwa ba ya gudu, kwanciya yake yana ɗan matsawa. Ƙarƙashin wurin kuma kwarin dutsen farar ƙasa ne. Tsiron da ya mamaye wurin shi ne Cladium jamaicense, wata doguwar ciyawa mai kaifin zarto a gefen ganye, kuma mafi yawan ƙasar daga saiwoyinta da gindinta ta samu ba daga ganyen ba, don ganyen wuta kan lashe shi a sama lokaci-lokaci, saiwa kuwa tana nutse a ruwa. A wuraren da ruwa ya fi zurfi bado ne ya samar da tasa ƙasar, wadda ta fi laushi ta fi kuma motsewa in ta bushe. An fara tarin nan ne kimanin shekara 5,000 da suka wuce, gudun taruwar bai kai milimita 1 a shekara ba a matsakaici. Ka riƙe wannan lambar don za ta yi maka amfani a tambayarka ta uku. Mafi zurfin yana dab da bakin tafkin, yana raguwa yayin da kake yin kudu.

Hujjar da ta fi gamsar da ni cewa ruwan ne komai: a cikin Everglades ɗin dai, yanayi ɗaya zafi ɗaya, inda ruwa ke zama 'yan watanni kawai ya ƙafe ba a samun wannan baƙar ƙasar sam, wata farar laka ake samu mai sinadarin kalsiyam wadda gansakuka ke ajiyewa. Sai inda ruwa ke rufe ƙasa mafi yawan watannin shekara ne baƙar ke taruwa.

Ta biyu. Asalinsu ɗaya, matakin ruɓewa ne ya bambanta. A tsarin rarraba ƙasa na ma'aikatar noman Amurka kafin a kira ƙasa histosol galibi sai kaurin ruɓaɓɓen tsiron ya kai santimita 40 a cikin santimita 80 na sama, kuma abin da ake kira ruɓaɓɓen tsiro a nan sai ya kai aƙalla kashi 20 zuwa 30 na nauyi, gwargwadon yumɓun da ke ciki. Ta Everglades ta wuce nan nesa, ana samun kashi 80 har fiye. Gwajin fili kuwa da hannu ake yi, ka ɗebo jiƙaƙƙiya ka murza tsakanin babban yatsa da manuniya kamar sau goma ka duba zaren da ya rage. In zare ya yi yawa har kana gane wannan saiwa ce wannan kara ne, launin kuma ruwan ƙasa ko ja-ja, wannan fit ce ɗanya. In zaren da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin shida ba, abu ya zama baƙi wuluk mai santsi yana ɓata hannu, wannan ita ce mok, a rarrabawa ana ce mata safrik. Akwai ta tsakiya, hemik. Wani masani ɗan Suwidin, Lennart von Post, ya tsara wani ma'auni tun shekarun 1920 daga H1 zuwa H10, shi matsewa ake yi a tafin hannu, in ruwa garai ne ya fito ta tsakanin yatsu to H1 ce ba ta ruɓe ba, in ruwan ya fito da duhu an ɗan matsa gaba, in kuwa ƙasar ce da kanta duk ta tsiyaye ta tsakanin yatsu ba ta bar maka komai a hannu ba to ka kai H10. A rami ɗaya za ka iya samun duka, sama baƙa mai laushi saboda ta sha iska, can ƙasa mai zare.

Sauran halayenta a taƙaice, ba ta da nauyi ko kaɗan, busasshiyarta giram 0.1 zuwa 0.3 ce a kowane santimita kubik, ƙasar yashi ko yumɓu kuwa 1.2 zuwa 1.6 take. Tana riƙe ruwa ninkin nauyinta sau da yawa. Tana da ƙarfin riƙe sinadarai irin su kalsiyam da magniziyam fiye da yawancin yumɓu in da nauyi aka auna. In aka ƙona samfurinta a murhun ɗakin gwaji toka kaɗan ce ke saura, da haka ma ake auna yawan ruɓaɓɓen tsiron. Wani hali kuma mai ban haushi, in ta bushe ƙarau ba ta komawa yadda take, sai ta zama kamar garin gawayi, ka zuba ruwa ya tsaya a kai yana yawo ya ƙi shiga, iska kuma ta kwashe ta. Ta ukun na bar wa masu harkar gona.

Abu_Sadiq:

Malam Allah ya saka da alheri. Ni dai abin da na sani game da irin wannan ƙasa tsami ne da ita na fitar hankali, pH ɗinta, wato ma'aunin tsami, 4 ne ko ƙasa da haka, ba abin da zai yi a ciki sai an jibga mata farar ƙasa, ina ga wannan ce matsalar da ɗalibin ke tambaya. Kuma gaskiya ni ban ga abin damuwa ba, ƙasa mai zurfin mita 4 yaushe za a cinye ta, ai jikokin jikoki ma za su tarar.

Hajiya_Rabi:

Malam Abu Sadiq, wannan da ka faɗa ta ƙasashen sanyi ce, irin wadda gansakukar Sphagnum ke samarwa kuma ruwan sama kaɗai ke ciyar da ita, ita kam pH ɗinta yakan zauna tsakanin 3 da rabi zuwa 4 da rabi. Ta fadamar da ruwan tafki ko na kogi ke ratsawa daban ce, ruwan na zuwa da ma'adinai, ita ta Everglades ma a kan dutsen farar ƙasa take zaune, don haka tsaminta kaɗan ne, kusa da tsaka-tsaki. Yanzu ma kukan manoman can akasin naka ne, pH hawa yake yi ya wuce 7, wato tsaka-tsaki, a gonaki da yawa, zan zo kan dalili.

Ɗalibi, albarka kam akwai, ba a musu. Naitirojin a cikinta ya yi yawan da raken da ake nomawa a kanta galibi ba a zuba masa takin naitirojin sam, ƙasar ce ke saki da kanta. Amma tambayi kanka daga ina yake fitowa. Daga ruɓewar ƙasar ne, ma'ana duk albarkar da ka gani jikin ƙasar ne ke narkewa yana ba ka. Sannan ba komai take da shi ba, tunda daga tsiro ta samu ba daga dutse ba abin da dutse ke bayarwa ya yi mata ƙaranci. Fotash kaɗan ne. Farkon waɗanda suka fara nomanta sun sha mamaki, ƙasa baƙa mai kyau a ido a shuka abu ya tsiro ya yi rawaya ya mutu, shanu su yi kiwo su rame. Sai a 1927 R. V. Allison da abokan aikinsa a tashar binciken noma ta garin Belle Glade da ke kusa da tafkin suka nuna cewa sinadarin jan ƙarfe ne babu, ɗan wanda ke akwai kuma ruɓaɓɓen tsiron ya riƙe shi gam ya hana saiwa, da aka zuba gishirin jan ƙarfe kaɗan sai amfani ya tashi. Bayan shi ga manganis da zinc, ga kuma silikon wanda rake da shinkafa ke so sosai, har yau ana zuba wa gonakin wani gari mai kalsiyam da silikon da ake samu daga sharar masana'antu. Wani abin kuma da mutane ba sa zato, sanyi, a 'yan dararen hunturu da iskar arewa ke saukowa gonar mok ta fi ta yashi saurin daskarewa saboda busasshen samanta ba ya miƙo ɗumin da ke ƙasa, shi ya sa filayen da ke jikin tafkin suka fi daraja, ruwan tafkin na ɗumama su.

Yanzu ga babbar maganar, wadda Malam Abu Sadiq ke cewa jikoki za su tarar. Ba a iya noman rake ko latas ko masara a cikin ruwa, dole a janye ruwan. Gwamna Napoleon Bonaparte Broward da ya mulki Filorida daga 1905 zuwa 1909 da alƙawarin busar da Everglades ya ci zaɓe, a 1906 aka fara haƙa manyan magudanai, daga baya aka samu irin su na Miami da Hillsboro da North New River da West Palm Beach suna kai ruwa teku. Bayan guguwar 1928 da ta sa tafkin ya ɓalle ya kashe mutum aƙalla 2,500 aka gina masa katangar Herbert Hoover, a 1948 kuma majalisar Amurka ta amince da babban aikin sarrafa ruwan yankin wanda ya keɓe kusan eka 700,000 don noma a kudu da tafkin. Daga ranar da ruwa ya sauka iska ta shiga, su ƙwayoyin nan da Malam Habu ya ce an hana su aiki shekara 5,000 suka samu abinci ga iska ga zafi. Da farko ƙasar motsewa take ta lotsa saboda ruwan da ke ɗauke da ita ya tafi, tarakta ta ƙara dannewa, amma wannan na ɗan lokaci ne, abin da ba ya tsayawa shi ne cin da ƙwayoyin ke yi, kabon ɗin ƙasar na zama iskar kabon dayoksaid yana tashi sama. Ba zaizaya ba ce da za ka ce ta taru a wani wuri, babu inda za ka je ka samo ta.

A 1924 a wannan tasha ta Belle Glade, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Filorida, an kafa wani ginshiƙin kankare mai tsawon ƙafa 9 aka buga shi har ya zauna a kan dutsen ƙasa, kansa daidai da doron ƙasa. Yau sama da ƙafa 6 na ginshiƙin a waje yake, ya kai tsayin mutum. Shekaru da dama ana asarar kusan inci 1 a shekara, wato santimita 2 da rabi, ka kwatanta da abin da bai kai milimita 1 ba na taruwa, abin da aka tara a shekara kusan talatin a shekara ɗaya yake tafiya. Daga baya gudun ya ragu zuwa wajen rabin inci da ɗan ɗoriya, saboda an riƙa barin ruwa kusa da sama kuma abin da ya rage ya fi tauri ya fi yawan ma'adini.

Har sunan ƙasar canzawa yake wallahi, wannan ya kamata ɗalibi ya lura. A can ana rarraba ta ne da nisan da ke tsakanin sama da dutse, in ya wuce inci 51 Terra Ceia ce, 36 zuwa 51 Pahokee, 20 zuwa 36 Lauderhill, ƙasa da 20 Dania. Gona ɗaya ba ta motsa ba amma taswirar kakanni ta ce Terra Ceia ta 'ya'ya ta ce Pahokee ta jikoki ta ce Lauderhill. Da ƙasar ta yi siriri kuma garma na fara kankaro dutsen tana cakuɗa shi da ita, dalilin hawan pH ɗin kenan, shi kuma in ya hau sai ya ɗaure fosfaras da manganis, a koma sayen abin da a da ba a damu da shi ba.

Ɗalibin_Ƙasa:

Kai, na gode ƙwarai Malam da Hajiya, yanzu abin ya zauna min. Amma Hajiya ba za a iya mayar mata da abin da ta rasa ba? Ina nufin a daina ƙona ganyen rake a bar shi a gona, a ƙara da takin dabbobi da sauransu, tunda dai daga tsiro ta samu tun asali.

Injiniya_Bala:

Ƙanena kafin Hajiya ta dawo yi lissafin da kanka. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, in ka rasa santimita 1 kacal ka rasa mita kubik 100 na ƙasa, a nauyin 0.2 tan 20 kenan na busasshen abu, kuma ba ɗanyen ganye ba, abin da ya riga ya tsira daga ruɓewa. Shi ganyen da za ka zuba a busasshiyar gona mai iska da zafi mafi yawansa cikin shekara ɗaya zuwa biyu ya tafi. Zai taimaka kaɗan amma ba zai rufe ramin ba, don sharaɗin da ya sa ta taru tun farko shi ne ka cire.

Ni ta ɓangaren gini na san ta kuma ba mu da abokiyar gaba kamarta. Ba ta ɗaukar nauyi, ka ɗora mata kaya ta matse, ta ci gaba da matsewa shekaru bayan an gama aiki, ba kuma daidai take sauka ba, nan ya fi can, sai bango ya tsage titi ya yi tudu da kwari. Hanya biyu ce, ko a kwashe ta gaba ɗaya a cike da yashi da tsakuwa in ba ta da zurfi, ko a buga turaku har dutse a ɗora ginin a kai. To a garuruwan kudu da Okeechobee na biyun aka yi wa gidaje da yawa, gida ya tsaya cak inda yake ƙasa ta sauka ta bar shi, sai ka ga an ƙara matattakala a ƙofa, bututun ruwa da tankin sokawe da aka binne sun fito fili.

Ga wuta kuma. Tunda ƙasar kanta makamashi ce in ta bushe tana ci, ba da harshe ba, a ƙarƙashi take cinyewa a hankali da hayaƙi mai kauri makonni ko watanni, ruwan sama kaɗan ba ya kashe ta sai an cika wurin da ruwa. A 1939 bayan fari an yi gagarumar gobara a Everglades hayaƙi ya rufe garuruwan gaɓar teku, a wasu wuraren ƙasar ta ƙone har dutse. Abin da Indunusiya ta gani a 1997 da 2015 dangin wannan ne, sai dai tasu ƙasar ta dajin fadama ce ba ta ciyawa ba.

Kuma kar a ɗauka Filorida kaɗai ce. Kwarin Hula a arewacin Isra'ila fadamar ruwan daɗi ce ta ciyawar fafaris (papyrus), an busar da ita tsakanin 1951 da 1958 don noma, sai ga lotsawa ga wutar ƙarƙashin ƙasa ga ƙura baƙa ga naitiret na gangarawa tafkin Tabariyya wanda ake sha, har a shekarun 1990 aka sake mayar da ruwa wani ɓangare. A Kalifoniya inda kogin Sacramento da San Joaquin suka haɗu an fara busar da fadamar tun ƙarni na 19, yau wasu tsibiran sun yi ƙasa da matakin teku da fiye da mita 6, katangu ne kawai ke tare ruwa. Ni a ganina duk inda aka ce za a busar da irin wannan ƙasa a rubuta kuɗin famfo da katanga na shekara ɗari a cikin lissafin tun ranar farko, don ƙasa na sauka ruwa na daina fita da kansa, sai da inji.

Abu_Sadiq:

To Injiniya na ji, amma fa a yi adalci, wurin nan shekara ɗari yana ba Amurka sukari da kayan lambu a lokacin hunturu da sauran jihohi ke cikin ƙanƙara, dubban mutane na ci daga ciki. A ce a mayar da shi ruwa don kada da tsuntsaye?

Hajiya_Rabi:

Ba wanda ya ce a tashi kowa Malam Abu Sadiq, su kansu manoman ne suka fi kowa son ƙasar ta daɗe. Abin da gwaje-gwajen Belle Glade suka nuna tun tuni shi ne gwargwadon nisan ruwan ƙasa daga sama gwargwadon asarar, in ka bar ruwa a santimita 90 ƙasa ka ba iska santimita 90 ta ci, in ka ɗago shi zuwa 40 ko 45 ka rage mata fage da kusan rabi. Don haka dabarun duk a kan ruwa suke. Ana zaɓen irin raken da ke jure jiƙa har da 'yan kwanakin ambaliya. Gonar da ba a shuka komai ba da damina ana cika ta da ruwa maimakon a bar ta a buɗe tana shan rana, wannan ma yana kashe tsutsotsin da ke cin saiwar rake. Ana kuma sa shinkafa a tsakanin zagayen rake, tunda ita a cikin ruwa take watanni, ka samu amfani ka kuma huta da asara a daidai lokacin da zafi ya fi tsanani, lokacin da cin ya fi sauri. Duk wannan rage gudu ne, bai tsayar ba.

Sannan akwai wuraren da ke kudu da gonakin, inda ruwansu ke gangarawa. Everglades ta asali fadama ce mai yunwar fosfaras, tsirranta sun saba da ɗan mitsitsi, ma'aunin da aka sa wa ruwanta yanzu kashi 10 ne cikin biliyan. Ruwan da ake zuƙowa daga gonaki yana ɗauke da fosfaras na taki da wanda ƙasar ke saki tana ruɓewa, inda ya shiga sai kachala ta kori Cladium ta cike wurin. Abin lura ga ɗalibi, a wuraren kachalar ƙasa na taruwa da sauri fiye da da, amma ba iri ɗaya ba ce, mai fosfaras ce mai saurin ruɓewa, kuma tana ci gaba da sakin fosfaras ɗin shekaru ko an tsabtace ruwan da ke shigowa. Dokar 1994 ta kare Everglades ce ta tilasta wa manoma rage abin da ke fita daga gonakinsu, aka kuma gina manyan fadamu na wucin gadi masu dubban eka a tsakanin gonaki da fadamar asali, ruwa ya bi ta cikinsu tsirrai su tsotse fosfaras ɗin su mutu su kwanta a ƙasa kafin a sake shi kudu.

Ɗalibi in an tambaye ka a jarrabawa kar ka tsaya kan launi da zare kawai, ka kawo zurfin ruwan ƙasa da abin da ke ƙarƙashin mok ɗin, domin na biyun ne ke nuna me za a tarar in ta ƙare. Inda yashi ne a ƙasa, irin wadda ake kira Okeelanta, ana iya ci gaba da noma a kan yashin da taki mai yawa. Inda dutse ne kamar mafi yawan yankin, in saura ya koma santimita 20 ko ƙasa da haka ruwa ba ya samun wurin zama, kwana biyu na ruwan sama gona ta cika, mako ɗaya na rana ta bushe, kuma ko magudana za a zurfafa sai an fasa dutse.